Cinikin Biri a Sama: Yadda Na Koyi Ɗaukar Mai Kiɗan Biki a Nima



Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina cinikin albasa a nan Ankara, wadda 'yan boko ke rubutawa Accra. Tun muna Agbogbloshie har aka kwashe mu zuwa Adjen Kotoku a watan Yulin 2021, ban taɓa biyan kuɗin buhu ban zura hannu na taɓo ta ƙasa ba. Ko albasar Galmi ce, ko ɗan uwana ne ya lodo ta, sai na buɗe na gani. Amma da na tashi aurar da 'yata ta fari, ni ɗin nan na ɗauki rabin kuɗi na tura wa mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, don kayan da ban taɓa jin ƙararsu ba, a kan aikin da sai bayan wata huɗu za a yi shi. In wannan ba cinikin biri a sama ba ne, to ban san sunansa ba.

Wanda bai zauna a zangunan Gana ba sai ya ga kamar maganar mai kiɗa ƙaramar magana ce. Bari in ɗan shimfiɗa masa. A nan yawancin ɗaurin aure ranar Lahadi da safe ake yi, don ita ce ranar da ɗan kasuwa da ma'aikaci duk suke gida. Namu na maza ba ya daɗewa: waliyyai su zauna, a ambaci sadaki, malamai su yi addu'a, a raba goro da dabino, kowa ya kama gabansa. Daga nan biki ya koma hannun masu shi. Mata ne suka yi wata da watanni suna zubin adashi, su suka fitar da yayi, wato atamfa ko leshi iri ɗaya da kowace za ta ɗinka, su suka yi lalle, su suka kwana kan tukunyar wake da shinkafa da tuwo. Yammacin Lahadin nan, ƙarƙashin kanofi, shi ne lokacin da uwar amarya ke karɓar abin da ta shuka a bukukuwan wasu shekara da shekaru. Kowace ƙawa da ta taɓa yi wa gudummawa, ranar take ramawa, a bainar jama'a, ana kiran suna. Wanda ka ɗora a kan kiɗa da makirufo, shi ka miƙa wa wannan lokacin. In ya ɓata shi, ba a sake ɗaura auren don a gyara.

Ga kuma wani abu da ya bambanta mu da Kano ko Maraɗi. Nima tun kafuwarta, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu wurin daga hannun gidan Odoi Kwao a farkon shekarun 1930, matattara ce. Bahaushe, Bazabarme, Bafulatani, Kotokoli, Mosi, Wangara, Dagomba, Busanga, Bayarabe, duk Hausa muke yi a kasuwa da masallaci, har ka rantse uwa ɗaya ta haife mu. Ranar biki ce kowa ke tuna gangar gidansu. Iyayenmu kan ba mu labarin zamanin gumbe, da yadda ake kwana ana rawa, da masu kalangu da masu goge da ba a aika musu katin gayyata, jin ƙamshin biki kawai suke yi su zo. Ni abin da na buɗe ido na gani daban ne. Ina yaro aka sa dokar hana fitar dare zamanin Rawlings, daga 1982 har cikin 1984, ta karya makaɗan dare da yawa a ƙasar nan. Da aka ɗage ta, sai ga samari da manyan sifiku da kaset suna yawo daga wannan taro zuwa wancan, mutum biyu ko uku suna aikin da a da sai mutum goma sha. Su ne muke kira sifina. Yaran yanzu suna cewa di-je, ni kuwa duk sanda na ji sai in ɗauka wata Dije ake kira.

To, labarina. A watan Agustan 2022 aka sa ranar auren yarinyar, Lahadi 18 ga Disamba, don kawunta na Jamus da gwaggonta ta Amurka a lokacin suke samun hutu. Hajiya ta ce min, "Alhaji, maganar sifina fa, a kama da wuri, ka san Disamba." Na ce ta bar min wannan, ai ciniki ne, sana'ata ce. Na tsaya wurin samarin da ke dafa ataya a bakin lungunmu na tambaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya san gwani, ya danna waya ya miƙo min. Muryar da na ji ta ce, "Alaji, ka kwantar da hankalinka, ni da kaina zan zo. Sifiku takwas, janareta, emsi, komai da komai, miliyan talatin." Ga wanda ke karantawa daga wajen Gana, kada gabansa ya faɗi. Tun Yulin 2007 aka yanke wa sidi sifiri huɗu, amma har gobe bakinmu bai saba ba. Miliyan talatin sidi 3,000 ke nan. Na tura rabi ta MoMo a matsayin kafin alƙalami, na shiga gida ina jin na yi abin kai.

Waɗanda suka yi kasuwa a ƙarshen shekarar nan sun san abin da ya faru. Sidi ta riƙa zubewa kamar ruwa a kwando, farashin safe daban na yamma daban, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Cikin Nuwamba mutumin ya kira ni, ya ce man janareta ya tashi, kuɗin mota ya tashi, sai na ƙara miliyan goma. Na ce ba haka muka yi ba. Ya ce, "To Alaji, in ba ka so, akwai masu so." Saura wata guda, duk wani sifina mai suna an kama shi. Na ƙara. Ba don ƙarya yake ba, man ya tashi da gaske. Abin da ya ci min rai, ni da na san sharrin cinikin da ba a yanke shi ba, ban ce masa tun farko kuɗin nan ba ƙari ba ragi ba.

Ranar biki aka ɗaura aure lafiya. Wajen azahar sai ga wata 'yar mota ta tsaya a bakin titi, yara biyu suka fara sauke kaya. Sifiku huɗu na ƙirga, ɗaya an ɗaure ta da igiya. Na ce ina maigidan naku? Ƙaramin ya ce, "Baba, yana Madina, yana da wani aiki can, amma yana zuwa." Har yau bai zo ba. Ashe biki uku ya karɓa a rana ɗaya, ya raba kayansa uku, ya tafi inda aka fi ba shi kuɗi. Janareta ya zo, mai ne babu, wai ba a yi maganar mai ba. Emsin kuma shi ne babban yaron, wanda bai san kowa a danginmu ba.

A nan zan ɗan tsaya in yi muku lissafin da ban yi ba sai da ya wuce. Mai kiɗa zai ce maka kuɗin wuni ne. Babu wani wuni. A Ankara magariba ba ta nisa da ƙarfe 6 duk shekara, kuma a Nima da Maamobi ba lungun da ba masallaci. Mata ba sa cika wuri sai an idar da la'asar, wajen uku da rabi. Da an kira magariba kuwa dole a kashe, kuma in an kashe, rabin jama'a sun tafi ke nan, mai zuwa Kasoa da mai zuwa Ashaiman kowa na neman mota. Awa biyu da rabi kake saye. In amarya ta makara wurin mai kwalliya, kamar yadda tamu ta yi, ba ta fito ba sai biyar saura, to awa ɗaya ka saya da kuɗin wuni. Wannan awa ɗayan ita za a raba wa dangin uwa, dangin uba, dangin ango, ƙungiyar adashin Hajiya, ƙawayen amarya, kowa na son a kira shi fili.

Kamar wannan bai isa ba, ashe ranar ce ake wasan ƙarshe na kofin duniya a Katar, Ajantina da Faransa, ƙarfe 3 na yamma agogonmu. Da muke sa rana a Agusta wa ya tuna da wata ƙwallo? Abokan ango suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ke kan na'ura kuwa ido ɗaya a kan waya. Aka buga ƙarin lokaci, aka je bugun fanareti, ba a tashi ba sai daf da magariba. Ina iya gaya muku lokacin da aka ci kowace ƙwallo, don duk sanda aka ci sai Nima ta ɗauki ihu, waƙar da ke kai ta ƙare ba a sa wata ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba wannan ba ne. Surukanmu Dagomba ne, mutanen Yendi. Ban tambaye su me suke so ba, su ma kunya ta hana su faɗa. Amarya na fitowa sai ga dattawa uku da lunga a hammata, da wani saurayi da babbar ganga, sun shigo ta bakin lungu. Lunsi ke nan, makaɗan Dagbon. Lunga kamar kalangunmu take, ana matsa ta tana magana, kuma su ba kiɗa kawai suke yi ba. Gado ne, tun suna yara ake koya musu asalin gidaje, wane ya haifi wane, wace sarauta aka yi a wane gida. Babban cikinsu ya tsaya gaban uwar ango ya fara jero mata kakanninta. Ban ji yaren ba, amma na ga matar nan ta rufe fuska da mayafi tana kuka, 'yan uwanta suna ta manna wa tsohon kuɗi a goshi. Sai yaron sifina ya ga liƙi ya koma wani wuri, ya murɗa ƙara har ƙarshe. Muryar tsohon ta nutse. Ya yi shiru, ya dubi yaron, ya dube ni, ya sauke sandarsa.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na je da kaina na zare waya daga jikin janareta. Amma abu ya riga ya ɓaci. Sai da muka yi tattaki har gidan surukan bayan kwana biyu, ni da yayana, da goro, muka ba da haƙuri. Sun karɓa, mutanen kirki ne. Amma yarinyar ce za ta zauna a gidan, ba ni ba, kuma ta shiga da wannan a kanta.

Da dare kuma aka yi ta faranti. Babban yaron ya rungume farantin da aka tara liƙi, ya ce duk kuɗin da ya faɗi a filin rawa na mai kiɗa ne, haka suke yi. Ƙawayen Hajiya suka ce in ya isa ya fita da shi. Gaskiyar magana, kowa da hujjarsa. A al'adar maroƙa ta dā, abin da aka ba makaɗi nasa ne, ba a ma yanka masa kuɗin aiki, da liƙin yake ci. Shi kuwa sifina an riga an biya shi, kuma kuɗin da mata suka zuba wa uwar amarya tana rawa ba kyautar kiɗa ba ce, bashin biki ne ake mayar mata, da shi za ta biya mai kanofi da mai shinkafa. An haɗa tsarin dā da na yanzu a faranti ɗaya ba wanda ya yi maganarsa tun farko. Aka raba da ƙyar, kowa na ganin an cuce shi.

Da auren ƙanwarta ya taso a 2025, na ce wa Hajiya wannan karon ita ce gaba, ni ɗan rakiya ne mai riƙe biro. Abu na farko da muka yi, kafin a nemi kowa, muka aika gidan ango da tambaya: akwai kiɗan gidanku da za ku zo da shi? Akwai wanda ba ya son kiɗa sam? Tambaya ta biyun tana da nauyi a zangunanmu na yau. Akwai gidan da ba su yarda da sifika ba sai ta wa'azi, walima kawai suke yi, malama ta yi wa mata nasiha, a ci abinci a watse. Akwai gidan 'yan Tijjaniyya da abin da suke so shi ne masu madahu da zikiri. Akwai gidan da uba na wannan ɓangare, uwa na wancan. Ba ni ne zan raba gardamar malamai a nan ba. Abin da na sani, in aka tambaya da wuri ana samun mafita, a ba walima Asabar, a ba mata yammacin Lahadi, wanda ba ya so ya san lokacin da zai zo da lokacin da zai tafi. Kuma su ma masu madahun da malamar mutane ne masu hidima, ana kama su da wuri, ana sanin abin da za a ba su da motar da za ta kawo su. Kada a ce don abin na addini ne sai a bar su da "Allah ya saka".

Sai rana. Dangi suka so Lahadin da ke bin Babbar Sallah, 8 ga Yuni, tunda kowa na gari. Wani maƙwabcinmu ɗan ƙasa ne ya tuna mana cewa lokacin hana kiɗa ne. Baƙon da ya zo Ankara kwanan nan ya riƙe wannan da kyau. Kowace shekara, kafin bikin Homowo, sarakunan Ga suna sa wata guda na hana kiɗa da hayaniya bayan sun yi shukar al'ada, hukumar birni kuma ta fitar da sanarwa ta mara musu baya. A 2025 daga 12 ga Mayu ne zuwa 12 ga Yuni. Ba a yarda a kafa sifika a waje ba, ko coci ko masallaci ko gidan shaƙatawa, sai an buga gangar Odadao an buɗe. A ƙarshen shekarun 1990 har rigima aka yi da wasu coci-coci a kan haka. Wuraren su Teshie da Nungua da Tema kuma kowa da nasa lokacin, don haka wanda bikinsa zai kai can ya tambaya daban. Wani zai ce maka ai cikin Zongo ba wanda zai shigo. Wataƙila. Amma ƙasarsu ce, kakanninsu ne suka ba kakanninmu wurin zama, ban ga dalilin da zan sa auren 'yata ya zama abin ƙara ba. Ga shi kuma Yuni ne ruwa ya fi ƙarfi, kowa ya san yadda babban gwatan da ya ratsa tsakanin Nima da Maamobi yake yi in an kwana ana ruwa. Muka ɗaga zuwa 27 ga Yuli, lokacin da sama ke ɗan tsagaitawa.

Sauran lokutan da kaya ke tsada kowa ya san su, Sha'aban da ake rige-rigen kai amare kafin azumi, makonnin bayan ƙaramar Sallah, da Disamba da 'yan boga ke dawowa, gari kuma ya cika da wasanni. A shekarar zaɓe kuwa, irin 2024, 'yan siyasa kan kwashe manyan kayan sauti tun kafin 7 ga Disamba, kuma ba ka isa ka yi takarar farashi da su ba.

Wajen zaɓen mutum, Hajiya ba ta tambayi kowa a waya ba. Lahadi uku a jere tana zuwa bukukuwan da aka gayyace ta, tana zama kusa da masu kaya tana kallo. Abin da ta ce tana dubawa ya ba ni mamaki. Ba ƙarar sifika ba. Tana duba ko ya kashe da kansa in an kira salla ko sai an yi masa tsawa. Tana duba in tsohuwa ta shigo fili, ko ya san ya sauya mata kiɗa, ya sa mata irin su Barmani Choge ko Shata, ko kuwa zai bar ta tana tsaye cikin kiɗan yara. Tana duba waƙoƙin da yake sa wa ƙawayen amarya, ko akwai batsar da uba ba zai iya zama a wurin ba. Wanda ta zaɓa, ni na je har ɗakin da yake ajiye kaya a Kotobabi, na ƙirga sifiku, na sa aka tada janareta na ji.

Sannan na fito da takarda. Ya yi dariya ya ce, "Baba, aure za ka ba ni?" Na ce rubuta dai. Muka sa rana da wuri, muka sa kuɗi da sidin yanzu cikin lamba, ba miliyan ba, da cewa ba ƙari. Kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ta MoMo zuwa lambar da ke ɗauke da sunansa na gaskiya, na ajiye saƙon. Cikon sai an tashi. Shi da kansa zai zo, in ya turo yara ya yafe cikon. Man janareta nasa ne, kuma a zo da shi ko da akwai wuta, don wanda ya ga dumso na 2015 ba ya sakin jiki da ita. Kaya su kasance a kafe kafin azahar. Maganar liƙi kuwa muka yi ta dalla-dalla: faranti biyu. Abin da aka zuba wa amarya ko uwarta ko duk wadda aka kira fili, 'yan mata biyu na gidanmu ne za su tsince, na gida ne. Abin da mutum ya taka da ƙafarsa ya kai wa mai kiɗa a teburinsa, nasa ne, ba mai tambayarsa. Limamin lungunmu da wani abokin kasuwancina suka sa hannu a matsayin shaidu.

Makirufo kuma muka raba shi da na'ura. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya ɗauka. Mai sa waƙa daban, mai kiran mutane daban. Emsi na haya, komai iya bakinsa, bai san wacece uwargida wacece amarya a gidan yayanka ba, bai san waɗanda ba sa ga maciji ba, bai san gwaggon da in aka kira wata kafin ita za ta ɗauki jakarta ta tafi ba. Wani kuma ya mayar da makirufo abin tatsa, ya kama sunan Alhaji ɗaya ya yi ta nanatawa har sai mutum ya zubar da kuɗin motarsa don kunya. Muka ɗauko wata mata 'yar unguwa da ta saba wannan aiki, tana jin Hausa da Zabarmanci da Turanci, Hajiya ta zauna da ita daren Juma'a da jerin sunaye, wa zai fara, wa zai biyo, minti nawa kowane rukuni zai samu. Ita ma aka yanka mata nata.

Yarinyar ta so a kawo mata mawaƙi daga Kano, irin su Ali Jita ko Ado Gwanja da suke gani a waya. Na ce ta zauna mu yi lissafi. Mawaƙi ba ya tafiya shi kaɗai, ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga abinci, in ta mota ce kuma daga Legas iyaka uku za a ƙetare, Seme, da ta tsakanin Binin da Togo, da Aflao. Masu hali suna yi, wasu ma gida biyu ko uku ke haɗa kuɗi a kawo shi mako guda. Amma a nan ne 'yan damfara suka fi kafa tarko. Shafin Facebook ko TikTok mai hoton mawaƙi ba shi ne mawaƙin ba, kuma duk wanda ya ce shi manaja ne ya ƙi yarda ku yi magana ta bidiyo da mai sunan, ka riƙe kuɗinka. Mu 'yan kasuwa muna da abin da ya fi wannan, ba wanda ba shi da amini a Kantin Kwari ko Sabon Gari da zai iya takawa ya gano. Abin da muka yi a ƙarshe, ta hannun wani amini muka sa wani matashin mawaƙi a can ya yi mata waƙa da sunanta da na ango da na iyaye, aka turo ta WhatsApp. Ta farko da ya turo ya karya sunan kakan ango, ya mayar da shi wani abu da ba ya faɗuwa. Da yake saura mako uku, aka gyara.

Maƙwabta su ne na ƙarshe a takarda, amma da su na fara yawo. Lungunmu in aka kafa kanofi biyu ko mai baro ba ya wucewa. Na je wurin ɗan asambili na unguwa a kan maganar tare hanya, ya faɗa min inda zan je da abin da zan yi. Na shiga gida-gida da goro. A nan na ji cewa tsohon da ke bayan katangarmu yana kwance ba lafiya, sai muka juya sifiku suka kalli titi. Hukumar kare muhalli ta EPA tana da ma'aunin ƙara na unguwannin zama, 55 da rana, 48 daga ƙarfe 10 na dare, kuma ba sifinan da ke kusa da wannan ko da ya rage. Abin da ke hana a kai ka ƙara shi ne an gaya wa mutane da wuri, an kuma faɗa musu lokacin tashi an cika. Masu hali yanzu suna kama zaure ko fili a wajen unguwa su huta da wannan duka, sai dai tsofaffi da yawa ba sa iya zuwa, kuma wasu wuraren suna tilasta maka mai kiɗansu.

Ran 27 ga Yuli mutumin ya zo da kansa tun ƙarfe 11. Amarya ta fito huɗu saura kwata, don Hajiya ta aika ƙanwarta ta zauna a kan mai kwalliya. Dangin ango Zabarmawa ne, sun zo da mai gogensu kamar yadda suka faɗa, aka ba shi minti ashirin da makirufo a bakin gogen, na'ura a kashe. Surukaina na Yendi ma sun zo, uwar mijin babbar har ta shiga fili. Da ladan ya ɗaga murya sifina ya riga kowa kashewa. An samu matsala guda, wata gwaggon Hajiya da aka manta ba a sa a jerin ba, har yanzu ba ta gama huce ba.

Takardar kuwa tana nan, ta tsufa a hannun maƙwabta, gida huɗu suka are ta suka kwafa. Saura min auta, tana aji biyu a sakandare. Shekaranjiya na ji tana gaya wa uwarta cewa ita a nata bikin ba ta son sifina, masu bushe-bushe take so irin na 'yan sanda, da kakaki da babbar ganga, su rako ta tun daga Kawukudi. Hajiya ta ce ta je ta wanke kwanuka tukuna.